Darasin Zane: Gugar Takarda da Manna Fenti Irin na Masu Zanen Mafarki

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ba za mu ajiye kwano da lemo a gabanmu muna kwaikwaya ba. Yau takarda ce za ta fara nuna mana abu, mu kuma mu bi sawunta. Ku ɗauko fensirinku mai laushi, 6B ko 8B, da takardar firinta. Kada ku ɓata takardar fentin ruwa mai tsada a kan wannan sashe na farko, kaurinta ma hana aikin fitowa zai yi.

Ga abin da na tara a kan tebur: guntun katako da na roƙo a wurin kafinta, tsohuwar tabarmar kaba, ganyen mangwaro busasshe, da faifai. Ƙanena, matso da kyamara kan katakon nan su ga jijiyoyinsa. Yawwa, nan.

Daga irin wannan katakon abin ya samo asali. Ranar 10 ga Agusta 1925, wani mai zane Bajamushe, Max Ernst, yana zaune a masauki a bakin teku a Faransa, ana ruwa, ya ƙura wa katakon daɓen ɗakin ido. Yawan wanki ya sa jijiyoyin katakon sun fito sosai. Sai ya shimfiɗa takardu a kai ya goga fensir, da ya ɗaga sai ya ga ganyaye da idanuwa da tsuntsaye waɗanda bai yi niyyar zana su ba. Shekarar da ta biyo, 1926, ya buga guda 34 daga cikinsu a kundi ɗaya. Da Faransanci ana ce wa dabarar furotaj, mu a ajinmu gugar takarda muke cewa.

To ku duba hannuna. Fensirin kwance yake, gefen bakinsa ke taɓa takarda, tsinin yana sama. Na fara a hankali... a'a, tsaya, takardar ta motsa. Bari in danne ta da tef a kusurwa biyu na sama. Biyu kawai, don ina so in riƙa ɗaga ta ina sauya abin da ke ƙasa. Yanzu ku ga layukan katakon suna fitowa tsaye-tsaye kamar kututturan itatuwa. Na zare katakon, na tura faifai a sama ta dama. Kun ga zoben? Ernst yana da zane-zanen kurmi da yawa, kuma sau da yawa za ku ga zobe kamar wannan yana leƙowa ta bayan itatuwa, ba ka sanin rana ce ko wata. Ni faifai ne ke ba ni shi a sauƙaƙe.

Masu tambayata cewa su ba sa zana abu mai rai, wannan hanyar ta dace da ku sosai. Duwatsu, kurmi, hadari, kufai, duk suna fitowa, kai ne ke zaɓar abin da za ka ƙarfafa.

Yayin da nake gugar tabarmar nan, bari in gaya muku me ya kai manyan mutane ga irin wannan aiki da yaro zai iya yi da kwabo a ƙarƙashin takarda. Yaƙi ne. Ernst ya yi Yaƙin Duniya na Ɗaya a rundunar Jamus. A ɗaya ɓangaren akwai Andre Breton, ɗalibin likitanci Bafaranshe, yana aiki a asibitin sojojin da yaƙi ya taɓa wa hankali, a nan ya fara sanin ra'ayoyin Sigmund Freud, masanin halayyar ɗan Adam, kan mafarki da abin da zuciya ke ɓoyewa. Waɗannan matasa sun ga masu ilimi da lissafi da tsari sun kai miliyoyin mutane kabari. Tun 1916 wasu suka taru a Zurik ta Suwizalan suka kafa ƙungiyar masu fasaha mai suna Dada, wadda aikinta rushe komai. Breton ya zauna da su, daga baya ya ga rushewa kaɗai ba ta isa ba. A watan Oktoba 1924 ya fitar da takardar manufa a Faris, ya ɗauki kalmar suriyalizim, wadda mawaƙi Apollinaire ya ƙirƙira a 1917. Ma'anarta abin da ya haura zahirin da ido ke gani. Abin da suke nema shi ne hannu ya riga tunani, kafin hankali ya ce wannan ya dace, wancan bai dace ba. A Nuwamba 1925 suka yi baje kolin zanensu na farko a Faris.

Mu ajiye wannan, mu shiga na biyu, wanda ya fi ba ni wahala lokacin da nake koyo. Sunansa dekalkomaniya, Oscar Dominguez ɗan tsibirin Tenerife na Sifaniya ne ya shigo da shi cikinsu a tsakiyar shekarun 1930. Ka zuba fenti a takarda, ka ɗora wata a kai, ka danna, ka ɗaga. Ji da kunne ba wuya. Amma duk sirrin yana kaurin fentin.

Ku saurara da kyau a nan. Idan ya yi ruwa kamar koko, da ka ɗaga sai ya koma ya haɗe, ka samu tabo kawai. Idan ya yi kauri kamar tuwo, takardun biyu za su manne, ka ɗaga ta yage. Abin da kake nema shi ne kaurin kunun gyaɗa da ya ɗan huce, wanda idan ka ɗaga cokali yake sauka a hankali yana barin sawu a sama na ɗan lokaci kafin ya ɓace. Ni ina gwadawa da bayan burushi: in ja layi a cikin faranti, in ƙirga ɗaya, biyu, uku. In layin ya rufe kafin uku, ya yi ruwa. In ya wuce biyar bai rufe ba, ƙara ruwa ɗigo biyu. Ɗigo, ba zubawa ba. Wata uku na yi ina zargin hannuna, ashe fentin da na saya a wani shago ne ya daɗe har ya fara daskarewa a cikin bututu, kuma mai shagon ya ƙi karɓa. Tun daga nan nake matsa bututu da yatsa kafin in biya. Kuma da hunturu iska na busar da shi da sauri, sai ku riƙa haɗa kaɗan-kaɗan.

Ga shi na zuba kore mai duhu, da ƙasa-ƙasa, da ɗan fari a gefe. Takardar sama mai santsi ce, bangon tsohuwar kalanda ya fi komai. Na danna da tafin hannu, ba da yatsu ba. Yanzu ɗagawa, daga kusurwa ɗaya, a hankali... kai, wannan ya yi ruwa, na cika surutu na ƙara ɗigo fiye da kima. Bari in sake da wata. Yawwa. Ƙanena, kawo kyamara. Kun ga rassan nan kamar saiwa, kamar gidan gara da ruwa ya ci? Babu burushin da zai zana wannan. Da irin wannan Ernst ya yi babban zanensa mai suna Turai Bayan Ruwan Sama, tsakanin 1940 da 1942, ƙasa duk ta narke ta ruɓe, lokacin shi kansa ya sha tsare a sansanin Faransa kafin ya tsere zuwa Amurka a 1941.

Na san da yawanku Salvador Dali kuka sani, mai agogunan da suka narke. Zanen 1931 ne, kuma ƙarami ne, santimita 24 da 33, da kaɗan ya fi takardar da ke gabanku. Hanyarsu daban ce, shi da Rene Magritte na Beljiyam: su zana abin da ba zai yiwu ba da tsafta kamar hoton kyamara. Ina girmama ƙwarewar, amma ni zuciyata tana wurin Ernst da Andre Masson, wanda yake watsa yashi a kan gam ya bi abin da ya fito. A wurinsu mai zanen ma bai san inda za a ƙare ba.

Kuma wannan hanyar ce ta yi jikoki da yawa. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya kori da yawa daga masu suriyalizim zuwa birnin Niyok na Amurka, matasan Amurka suka ga yadda suke aiki. Ernst yana huda gwangwani ya rataye shi da igiya fenti na ɗiga a kan kyalle, ba a jima ba Jackson Pollock ya shimfiɗa nasa kyallen a ƙasa yana yarfa fenti. Mata biyu masu zane, Leonora Carrington da Remedios Varo, suka zauna a Meziko suka yi nasu salon. A nahiyarmu ma, tun 1938 akwai ƙungiya a Alƙahira, su Georges Henein da Ramses Younan. Tallan da kuke gani a waya, mota tana tafiya a kan gajimare, daga wannan gidan ya fito.

 

Yanzu kada ku taɓa wannan da burushi tukuna. Ku bar shi ya bushe sarai, ku jingina shi da bango, ku juya shi ta fuska huɗu. Ni a nan, in na kifa shi, ina ganin kwazazzabo da wata ƙofa a gindinsa. Sararin sama kawai zan cike da shuɗi mai haske in zagaye duwatsun da ƙaramin burushi, lamba 2, ƙofar kuma in ƙara mata duhu kaɗan. Ku yi guda biyar ko shida kafin mako mai zuwa, ku ajiye har waɗanda kuke ganin sun lalace, don da su za mu yi yanka da liƙi. Sai mun haɗu, ku huta lafiya.