Sharhi: Idan ɓarin jiki ya shanye a Ikko, ba lokacin neman motar gida ba ne

Jama'a masu sauraro assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Sharhin namu na yau kan ciwon shanyewar ɓarin jiki ne, kuma da ku nake 'yan uwana mazauna Ikko, na Agege da Mile 12 da Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago, har da direbobin tanka masu kwana a layi a Apapa.

Akwai wata ɗabi'a tamu da nake so mu taɓa, kowa ya santa. Mutum yana tsaye a rumfa da hantsi yana ciniki lafiya lau, kawai sai a ga kuɗin hannunsa sun zube, baki ya karkace, yana son magana harshe ya ƙi. To me ake yi? A kwantar dashi a yi ta fifita, wannan ya kawo ruwan tofi a ɗaga kansa a ɗura mai, wancan ya kawo man zafi a hau murza hannun, a kira ɗan kemis ya zo ya ɗaura ruwa, wani a gefe yana cewa ai wannan iska ce ta buge shi, kafin la'asar 'yan garinsu sun zauna sun yi karo-karo kuma shawarar guda ɗaya ce, a kai shi gida. Sai a nemi motar da ta sauke albasa za ta juya, ko bas ɗin dare, a shimfiɗa tabarma a kwantar da bawan Allah, sai Sakkwato ko Kano ko Katsina, tafiyar kwana guda cur wani lokacin har da ɗoriya. Niyyar mai kyau ce wallahi, ba wanda ke so ɗan uwansa ya kwanta jinya inda ba dangi, kuma kuɗin asibiti a garin nan ba wasa ba ne. Amma waɗannan awannin da ake ƙonewa a kan titi su ne awannin da likitoci suka kwashe shekaru talatin suna bincike a kansu, kuma abin da suka gano bai goyi bayan motar nan ba sam.

Ciwon fa ba a hannun da ake murzawa yake ba, a ƙwaƙwalwa yake. Kamar dai bututun ruwan famfo ne, ko ya toshe ko ya fashe. Idan gudan jini ya toshe jijiya, sashen ƙwaƙwalwar da take shayarwa sai ya fara mutuwa, idan kuma jijiyar fashewa ta yi sai jini ya malala ya danne naman ƙwaƙwalwa. Wani likita a Amurka, Jeffrey Saver, ya yi lissafi a 2006 cewa idan babbar jijiya ce ta toshe, duk minti ɗaya ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 ne ke mutuwa. Minti ɗaya fa. Yanzu kai ka lissafa daga Ojota zuwa Ibadan kawai, ba ma a kai Ilori ba.

A 1995 aka tabbatar a Amurka cewa akwai allurar da ke narkar da gudan jinin idan an yi ta cikin awa 3 da farawar ciwon, a 2008 wani bincike a Turai ya ja lokacin zuwa awa 4 da rabi. A 2015 kuma likitocin Holan suka nuna amfanin zura siririyar waya ta jijiyar cinya har cikin ƙwaƙwalwa a zaro gudan jinin, daga baya a 2018 aka ga wasu zaɓaɓɓun marasa lafiya na amfana da wannan aikin har zuwa awa 24. Na san abin da wani zai ce yanzu, Malam ai wannan zancen masu kuɗi kake, ina ɗan dako ina wannan allura. Gaskiya ne, tana da tsada kuma ba ko'ina ake samunta ba, aikin wayar nan ma sai wane da wane, ga goslo da zai iya cinye maka awa biyu tsakanin Ketu da Oshodi. Ban musa ba. Amma binciken bai tsaya kan allura ba, kuma sashen da ya fi shafarmu shi ne mai arahan.

An tattara gwaje-gwaje da dama tun shekarun 1990 an ga cewa wanda aka kwantar a sashen da aka ware wa masu wannan ciwo, da nas-nas da suka san kansa, ya fi samun damar rayuwa ya koma gida yana yi wa kansa hidima. Kuma in ka duba abin da ake musu ba wani siddabaru ba ne, a auna zazzaɓi a sauke shi, a duba suga, a riƙa juya mutum kar bayansa ya yi gyambo, sannan babban cikinsu a gwada ko yana iya haɗiya kafin a sa mai komai a baki. A Ostareliya a 2011 nas-nas sun gwada kula da abu uku kacal, zazzaɓi da suga da haɗiya, aka ga masu mutuwa ko nakasa sun ragu. Wannan maganar haɗiya ita ce ke tada min hankali in na ga ana ɗura wa mutum ruwa ko kunu a rumfa, saboda ciwon yakan kashe maƙogwaro shima, ruwan da ka ba shi don tausayi sai ya bi hanyar iska ya sauka a huhu, bayan kwana biyu uku zazzaɓi da ciwon huhu su taso, a ce ai ciwon ne ya yi tsanani. Addu'a kam a yi, a tofa mai a jiki, a yi ta yi har cikin mota, amma baki a bar shi.

Haka asfirin. Wasu sun ji ana cewa yana tsinka jini sai su yi sauri su ba da. Yana da amfani, amma sai bayan an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa na siti sikan an tabbatar toshewa ce, don in fashewa ce ka ƙara wa jinin gudu kenan, kuma da ido ko likita bazai rantse maka wanne ne ba. A nan yankin namu ma abin ya fi haɗari, don binciken da zan ambata yanzu ya nuna kusan mutum 1 cikin 3 na masu ciwon a Najeriya da Ghana fashewar jijiya ce, fiye da yadda ake gani a Turai nesa ba kusa ba.

Saboda haka in ka ga fuska ta karkace, ka ce ya ɗaga hannu biyu ɗaya ya faɗo, magana ta sarƙe ko ido ɗaya ya daina gani farat ɗaya, ka duba agogo ka riƙe lokacin don shi likita zai fara tambaya, ka kwantar dashi ta gefe, ka kira lambar gaggawa 112 ko 767, in ka ga motar asibiti za ta ɗau lokaci ka tare duk abin hawan da ka samu. Kuma a nufi babban asibiti kai tsaye inda ake hoton ƙwaƙwalwa, kar a tsaya ƙaramin kilinik na lungu a ɓata awa uku sannan a rubuto takarda. Asibitin koyarwa na LUTH yana Idi-Araba a tsakiyar mutanenmu, asibitin koyarwa na LASUTH yana Ikeja, daga Agege ba nisa. Ko da abin ya sake shi bayan minti goma ya miƙe yana dariya yana cewa jiri ne, a je, wannan gargaɗi ne, babban na iya biyowa baya cikin 'yan kwanaki.

To mu dawo baya, kafin faɗuwar. Da can duk alƙaluman da ake karanto mana na Turawa ne, yanzu muna da namu. Akwai bincike mai suna SIREN da Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan ya jagoranta tare da abokan aikinsa, aka yi shi a asibitoci 15 a Najeriya da Ghana ciki har da Kano da Zariya, aka fitar da sakamako a 2018. Sun ɗauki mutum 2,118 da ciwon ya kama suka gwada su da wasu 2,118 masu lafiya. Abin da ya fito, kusan kashi 90 cikin 100 na haɗarin a wuyan hawan jini yake rataye. Sauran sun haɗa da kitse a jini, ciwon suga, tumbi, yawan cin nama kullum, damuwa, taba, barbaɗa gishiri a abinci bayan an dafa, rashin motsa jiki, da rashin cin ganye.

Wannan na ƙarshen har dariya yake ban, dariyar takaici. Mu ne fa muke sauke kayan gwari a Mile 12 muna ciyar da duk jihar, amma ka bi ɗan ci-rani ka ga abin da ya ci yau. Da safe shayi da burodi, da rana shinkafa da mai da yaji, da dare Indomie biyu da ƙwai an juye duk garin ɗanɗanon da ke cikin ledar an ƙara magi a kai, in an samu ciniki a bi da tsire ana dangwala yajin da rabinsa gishiri da magi ne. Alayyahu da zogale da rama sai dai a sayar, ga ugu ga ewedu a kowace buka amma an raina su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya kenan, duka har da wanda ke ɓoye cikin magi da burodi. A Sin an yi gwaji a ƙauyuka 600 da mutum kusan 21,000, aka ba wa rabi gishirin da aka sirka kashi ɗaya cikin huɗu da sinadarin fotasiyam, sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin 100. Canjin gishiri kawai. Sai dai mai ciwon ƙoda kar ya taɓa irin wannan gishirin sai da izinin likita.

Shi hawan jini matsalarsa baya sallama. Mutane suna jiran ciwon kai ko jiri, alhali da yawa suna yawo da shi shekara da shekaru suna ɗaukar buhu ba su jin komai. Awo ne kawai ke nuna shi, in ana ta samun 140 bisa 90 ko sama to magana ta ƙare sai ganin likita. Magungunan ma an gwada su a kan baƙar fata, Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranci gwajin CREOLE a ƙasashen Afirka 6, aka buga a 2019, aka ga haɗin magungunan da ke da ƙwayar amlodifin a ciki ya fi sauke jinin mutanenmu. Ba cewa nayi ka tafi kemis ka saya ba fa, cewa nayi maganin akwai shi kuma ba na masu kuɗi kaɗai ba ne. Inda muke faɗuwa shi ne a sha wata ɗaya, a auna a ga ya sauka, a ce alhamdulillahi na warke a jefar da kati. Ai maganin ne ya riƙe shi, ka saki ya koma. Wasu mazan kuma a ɓoye suke dainawa wai yana rage musu ƙarfi a gida, to Alhaji ka faɗa wa likita mana, kala-kala ne sai a canza maka wani, meye abin kunya.

Nan zan yi kira ga sarakunan Hausawa na unguwanni da shugabannin 'yan kasuwa da na direbobi da kwamitocin masallatai. Karo-karon da ake yi na ɗaukar mutum ɗaya zuwa gida ya isa ya sayi na'urar awon jini irin ta batir, a ajiye tebur a ƙofar masallaci bayan Juma'a, a samu nas ko ɗalibin likita cikin yaranmu ya zauna awa ɗaya, wanda nasa ya hau a rubuta mai a tura shi asibiti, kuma a bi shi a ji ko ya je.

Kar kuma a ɗauka ciwon tsofaffi ne kawai. Yaran da ke da sikila, in ba a ɗau mataki ba wajen 1 cikin 10 na gamuwa da shi kafin su kai shekara 20. Akwai awon da ake ɗora wata 'yar na'ura a gefen kan yaro a ji gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ba allura ba zafi, shi ke nuna wanda ke cikin haɗari. A Amurka ƙarin jini ake musu duk wata, abin da iyaye a nan ba za su jure ba, shi yasa likitocinmu na Kano da Kaduna tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka suka gwada ƙwayar haidiroksiyuriya a kan yara 220, sakamakon 2022 ya nuna ko ƙaramin awo na maganin yana ba da kariya. A asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala a Kano da na Barau Dikko a Kaduna aka yi wannan aikin, abin alfaharinmu ne. Kuma ga cibiyar sikila ta ƙasa nan a Idi-Araba daura da LUTH, ana wannan awon kan a can, iyaye mata dan Allah a kai yara tun suna shekara 2.

Shi kuma wanda ciwon ya riga ya taɓa, bayan likita ya sallame shi ya ce zai iya tafiya, to a lokacin ne maganar gida ta taso, a kai shi in can ne zai fi samun masu kula. Amma a tafi da takardunsa da hoton da aka ɗauka da magungunansa, a haɗa shi da masu gashi na asibiti tun da wuri don watannin farko ne jiki ya fi karɓar atisaye, a bar shi ya riƙa gwada cin abinci da sa riga da kansa ko zai ɓata lokaci, kar a riƙa fizgar shanyayyen hannun in za a tada shi don kafaɗar na iya gocewa. In kun ga ya yi shiru ya daina son mutane yana yawan kuka, ku gaya wa likita, ciwon damuwa ne da ke bin wannan lalura kuma yana da magani. Maganin hawan jinin nan kuma ko an je ƙauye a san wanda zai riƙa sayowa duk wata, a rubuta sunansa tun kafin mota ta tashi.