Daga Gululun Mazari Zuwa Faifan Injin Niƙa

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai da 'yan'uwa kanikawa da kuka baro garejinku cikin wannan rana ta Sakkwato, ina godiya. Abubuwa uku na yi niyyar kawowa kan yadda abubuwa ke juyawa.

Na farko shi ne ƙarfin murɗawa. Idan noti ya cije, bakanike yakan zura bututu a jikin sifana, ya danna daga can ƙarshe, sai notin ya saki. Damtsensa bai ƙaru ba, nisan hannunsa daga notin ne ya ƙaru. Lissafin shi ne ƙarfi sau nisa: niyuton 100 (niyuton ma'aunin ƙarfi ne) a rabin mita ya ba da 50, a mita ɗaya kuwa ya ba da 100.

To, ga wanda na fi so, ku yi mini haƙuri in daɗe a kansa. Na tashi ina kallon kakata tana kaɗi. Takan shafa alli a yatsunta, ta murza mazari sau ɗaya tak, ya yi ta juyawa yana murɗa audugar tana zama zare. Me ya hana shi tsayawa? Gululun yumɓun nan da ke gindinsa. Abu mai nauyi idan ya fara juyawa ba ya son tsayawa, kamar yadda tun farko ya ƙi tashi. Amma ba yawan nauyin kaɗai ake dubawa ba, ana duba inda aka ajiye shi. Idan ka nesanta nauyi daga tsakiya ninki biyu, taurin kansa wajen juyawa zai ninka sau huɗu. Sau huɗu, ɗalibai, ku rubuta.

Shi ya sa faifan ƙarfen da ke jikin injin niƙa, wanda kanikawa ke kira filawil, yake da kauri a baki, tsakiyarsa kuwa sanduna ne kawai. Injin nan mai fistin ɗaya bugu huɗu yake yi, kuma ɗaya ne kaɗai cikinsu ke ba da ƙarfi, wato lokacin da mai ya kama. Sauran ukun, shaƙar iska da matse ta da fitar da hayaƙi, faifan ne ke ɗaukar nauyinsu da abin da ya adana. Gululu ne dai aka yi da ƙarfe, haka ma ƙafar keken ɗinki.

Na uku, gudun faifan: idan ya ninka biyu, makamashin da ke ajiye ya ninka huɗu. A garin Stephentown na jihar New York ta Amurka, tun 2011 faifai 200 ke daidaita wutar lantarki da ƙarfin megawat 20.

Na'am, Malam? Yana tambaya ne kan janareta marar shan mai da ake tallatawa, mai faifai a tsakiya. Gaskiya wannan yana damuna, domin mutane na zuba kuɗinsu. Faifai rumbu ne, abin da ka zuba shi za ka ɗiba, kuma gogayyar ƙarafa da iska suna cin wani kaso. Ka ce a cire batirin, a jona masa dutsen guga, ka tsaya da agogo a hannunka ka ga minti nawa zai yi.