Adafta Ta Hau, Amma Nesa Ta Ƙi Fitowa

[Allo: hannu yana murɗa tsohon lens a bakin kyamara, duwatsun Shere can a baya]

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu ɗaukar hoto na Jos da kewaye. Tun da hotunan nan suka fara yawo a TikTok da zaurukan WhatsApp, waɗanda za ka ga amarya ta fito tsaf a tsakiya, ganyayen bayanta kuma suna murɗewa suna kewaye ta, kowa ya tashi neman tsohon lens. Mai shi a akwatin baba ya tono, marar shi ya yi oda. Ba a jima ba sai ga ƙorafi iri ɗaya daga ko'ina: lens ya ɗauru daram da adafta, wato zoben da ke haɗa shi da kyamara, fuskar wanda ke kusa tana fita, amma da zarar mutum ya ɗan ja baya sai komai ya dushe. Wasu har sun koma shago da faɗa, wai an sayar musu da mataccen kaya. Yawancin lens ɗin nan lafiyarsu ƙalau.

[Allo: Helios 44-2 yana juyawa a kan tebur]

Ga mai laifin duk wannan hayaniya. Helios 44-2, tsawon ganinsa milimita 58, iyakar buɗewar ƙofar haskensa f/2, ƙirar Tarayyar Sobiyat. A kan kyamarar Zenit yake zuwa a da, tsarinsa kuma daga Biotar na kamfanin Carl Zeiss aka kwaikwayo shi. An ƙera miliyoyinsa, shi ya sa har yau bai yi tsada ba. Ku dubi gindinsa. Zare ne, murɗa shi ake yi, faɗinsa milimita 42, sunan bakin ke nan M42. Praktica da tsofaffin Pentax duk wannan bakin suka yi amfani da shi.

Babu waya a jikinsa, babu inji. Fokas da hannu, buɗe ƙofar haske da hannu. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a sani ba shi ne wannan.

[Allo: saman kyamara daf, yatsa yana nuna ƙaramar alama]

Ɗauko kyamararka, ka duba samanta. Za ka ga wata 'yar alama, da'ira da layi ya ratsa ta. Mutane da yawa sun shekara da kyamara ba su taɓa tambayar mece ce ba. Daidai wannan layin sensa take a ciki, wato inda hoto yake sauka. Daga nan zuwa zoben ƙarfen da lens ke zama a kansa akwai tazara, kuma kowane kamfani da tasa. A Canon EOS mai madubi a ciki, wato DSLR, milimita 44 ce. A Nikon mai madubi milimita 46.5. Shi kuma kowane lens, tun daga masana'anta an yanke masa tazarar da zai tsaya daga fim ko sensa. Na M42 milimita 45.5 ce in an cike lissafi.

[Allo: lambobin uku a jere, su daɗe]

Ku bar lambobin nan a idonku tukuna, mu ga abin da lens yake yi in ana fokas.

[Allo: lens a hannu, ana murɗa zoben fokas a hankali]

Ina murɗawa zuwa kusa. Kun ga gilasan suna fita gaba, suna nisa da kyamara? Yanzu ina komowa wajen nesa, wajen alamar nan mai kama da takwas a kwance. Suna dawowa baya, baya, har suka tsaya. Nan ne ƙarshen tafiyarsu. Ke nan lens ya fi kusa da sensa lokacin da yake kallon nesa, akasin yadda hankali zai ba mutum. Kuma a daidai wannan tsayawar dole ne tazarar nan ta cika cif, in ba haka ba dutse ba zai fito ba.

To ɗora M42 a kan Canon. Lens yana son 45.5, kyamara ta ba shi 44, saura milimita ɗaya da rabi. Adafta ta zo ta cike. Shi ke nan aikinta, zoben ƙarfe ne mai kaurin milimita ɗaya da rabi, ba gilashi, ba komai.

[Allo: hoton duwatsun Shere, tar]

Yanzu ɗora shi a kan Nikon. Lens yana son 45.5, bakin kyamarar kuwa tun kafin a saka komai ya kai 46.5. An riga an wuce da milimita ɗaya. Ka kawo adafta, ita ma da nata kaurin, tazara ta ƙara faɗi. Ka murɗa zoben fokas har ƙarshe, lens yana neman ya ƙara matsowa baya, babu hanya. Takalmin da ya yi maka yawa sai ka ƙara safa, wanda ya matse ka kuwa safa ƙara matsi take yi.

[Allo: duwatsun nan dai, a dushe]

Na san abin da wani zai ce: haba, milimita ɗaya ko biyu? Nawa take? A cikin kyamara tana da yawa. Da Helios ɗin nan a kan Nikon, da adafta marar gilashi, iyakar inda fokas zai kai wajen mita 2 ne. In lens mai faɗin gani ne, kamar milimita 28, abin ya fi muni, da ƙyar ya wuce rabin mita. In kuwa dogo ne, milimita 135, yakan kai wajen mita 10. Shi ya sa za ka ji mutum biyu suna musu, wannan ya ce adaftar tana aiki, wancan ya ce ba ta yi, alhali kowa gaskiyarsa yake faɗa, lens ɗinsu ne ba iri ɗaya ba.

[Allo: adafta biyu gefe da gefe, ɗaya rami, ɗaya da gilashi a tsakiya]

Sai mai kaya ya ce maka akwai magani, ga mai gilashi. Eh, da ita nesa za ta fito. Wannan ɗan gilashin yana karkata hasken ne ya tura hoton baya har ya iske sensa. Sai dai yana ɗan matso da hoton, yana rage haske, kuma in ka buɗe lens gaba ɗaya za ka ga wani hazo-hazo a gefen fararen kaya. Ku duba wuyan rigar nan. Ra'ayina ne, kowa da nasa: ka nemi gilashin da injiniyoyi suka yi wa lissafi na tsanaki, sannan ka liƙa masa wani na araha a baya, ban ga riba ba. In ka matse ƙofar haske zuwa f/5.6 ko f/8 hoton yakan gyaru, amma wa ya sayi Helios don ya matse shi?

Ga abin dariyar. Canon da take karɓar lens ɗin kusan kowa, nata na da ba ta karɓa. Lens ɗin FD, irin na kan AE-1 da ke cikin kayan tsofaffin masu situdiyo, tazararsa milimita 42 ce. A 1987 Canon ta sauya baki zuwa EF mai 44, ta bar FD a waje. Minolta MD ma haka, 43.5. Don haka ganin sunan Canon a jikin lens ba ya nufin zai yi a kan 600D ɗinka. Olympus OM mai 46, da Contax da Yashica masu 45.5, da Leica R mai 47, duk suna hawa Canon lafiya. Har na Nikon ma yana hawa, da adafta mai kaurin milimita biyu da rabi. Mutanen Nikon, ku yi haƙuri, ba ni na tsara ba.

Amma ku ma kuna da taku gatar. Bakin Nikon tun 1959 yake, don haka tsohon Nikkor, wato lens ɗin Nikon, ba ya buƙatar adafta ko kaɗan. Abu ɗaya za ku kiyaye: waɗanda aka yi kafin 1977, kafin tsarin haɗin lens da Nikon ta kira AI, kada a tura su da ƙarfi a kan irin su D7000 ko D750, suna iya karya ɗan maɓallin da ke gefen bakin. Ƙananan, jerin D3000 da D5000, ba su da wannan maɓallin, sai su karɓa. Mai Pentax kuwa, in akwai shi cikin masu kallo, tazarar bakinsa daidai take da ta M42, adaftarsa cikin bakin take nutsewa.

[Allo: yatsa yana bin layin lambobi daga ƙarami zuwa babba]

Kafin ka tura kuɗi, lambobi biyu kawai za ka nema, ta lens da ta kyamara. In ta lens ta fi girma da abin da zai isa a ƙera zobe, bismillah. In ta kyamara ce ta fi, ko dai gilashi ko ka haƙura da nesa. Masu kyamara marar madubi ba ruwansu da wannan ciwon kai, Sony E milimita 18 ce, Canon RF 20, Nikon Z 16, kusan komai yana hawa. Amma yau maganar masu madubi muke yi.

Tun da an ambaci madubi, masu Canon 5D da 6D ku saurara. Madubinku babba ne, kuma gindin wasu lens yana leƙowa ciki in an kai fokas nesa. Super-Takumar 50 f/1.4, wani M42 na Pentax, ya yi suna a kan haka a 5D. In ka danna ka ji ƙarar da ba ka saba ji ba, ko hoto ya fito da baƙi, dakata, ka mayar da fokas kusa madubin ya sauka. Lens ɗin Pentax K ma yana da ɗan ƙarfe a baya da ke taɓa madubin manyan Canon.

Sauran da sauri, hoto zai nuna.

[Allo: jerin gajerun ɗauka]

Wannan 'yar allurar da ke gindin wasu M42 ita ke rufe ƙofar haske. In lens yana da makunnin A da M, mayar da shi M. In ba shi da shi, kamar Helios 44M-4, nemi adafta mai leɓe a ciki da zai danne allurar, in ba haka ba a buɗe zai zauna har abada. Shi 44-2 ba shi da allura, zobe biyu ne, ɗaya ka zaɓi lamba, ɗaya ka rufe. A Canon sa mazaɓin saman kyamara a Av ko M, tana auna haske. A ƙananan Nikon sai M, kuma ba za ta auna maka ba, ka ɗauka ka duba ka gyara. Yi fokas lens yana buɗe, sannan ka matse. Adafta mai ɗan cif na lantarki tana sa kyamara ta yi ƙara in fokas ya zo, sai dai ni na fi yarda da allon baya, in ƙara girman hoto sau 10 in ga gashin ido da kaina.

Wani abu da ke ruɗa mutane: adafta masu araha da gangan ake ɗan rage musu kauri, don haka fokas yakan wuce nesa ya sake dushewa. Kada ka murɗa har ƙarshe ka ce ai shi ke nan, ɗan dawo baya kaɗan.

[Allo: budurwa a ƙarƙashin bishiya a Rayfield, rana tana ratsa ganye]

Ita murɗewar da kowa ke nema, a gefen hoto take faruwa. Kyamara mai ƙaramar sensa kuwa gefen take yankewa, milimita 58 a kan 600D ya zama kamar 93, don haka murɗewar za ta ragu, ba lens ɗinka ne jabu ba. Buɗe shi f/2, mutum ya tsaya kamar mita 2 daga gare ka, a bayansa da ɗan nisa a sami ganye da haske ke ratsawa. Bango fari ba zai murɗe ba ko ka kwana kana ɗauka. Kun lura da mita 2 ɗin nan? Mai Nikon da adafta marar gilashi, hoton kai da kafaɗa yana cikin iyakarka. Na taron dangi a wajen ɗaurin aure ne ba za ka samu ba.

[Allo: tocilar waya tana haska cikin lens]

In za ka saya hannu da hannu, haska tocilar waya ta ciki. Ƙura 'yar kaɗan ba komai ba ce. Zare-zaren fari da ya bazu a gilashi fumfuna ce, bar shi, kuma kada ka haɗa shi jaka ɗaya da sauran kayanka, balle da damina. Rufe ƙofar haske ka buɗe, ka ga ko mai ya jiƙa ganyayenta. In Takumar ne ka ga gilashin ya yi rawaya, sinadarin toriyam ne da aka sa a wasunsu, hasken rana na kwanaki yana rage shi. Da hunturu kuma, in za ka sauya lens, kifa bakin kyamara ƙasa, ƙurar Jos ba ta jiran gayyata.

Sannan kada ka gwada shi a cikin shago. Shago mita nawa ne? Abin da ke kusa zai fito, ko da adaftar ba ta dace ba. Ce wa mai kaya, ranka ya daɗe, bari mu leƙa waje. Fito bakin titi, ko Terminus ne ko Ahmadu Bello Way, nemi abu mafi nisa da idonka ke gani, hasumiyar masallaci ko dogon ƙarfen sadarwa. Buɗe lens gaba ɗaya, kunna allon baya, ƙara girma sau 10, murɗa zuwa nesa. In layukan ƙarfen sun fito tar, sai a zauna a yi ciniki.