Ruwan sama ya fi na Kano, me ya kai manomin Misisipi ban ruwa?

Jama'a, assalamu alaikum. Tun da muka nuna gonar nan ta Amurka ake ta turo mana tambaya ɗaya: wai ta yaya ƙasar da ake tafka ruwa fiye da Kano, manominta kuma yake kunna inji yana ban ruwa?

Nan gundumar Sunflower ce, a jihar Misisipi, babban garinta Indianola. Ku dubi filin, ba tudu ba dutse, laka ce zalla da kogi ya daɗe yana zubarwa. Ga auduga, ga masara da waken soya da shinkafa, waɗancan kududdufai kuwa na kiwon tarwaɗa ne. A shekara suna samun ruwa sama da milimita 1,300, alhali Kano yawanci ba ta kai 1,000. Iska ce ke kwaso laima daga Tekun Meziko. A Yuli zafi yakan kai digiri 33, mutum ya yi gumi ya ƙi bushewa a jikinsa, a Janairu kuma sanyi ya kusa daskarar da ruwa.

To, mu tsaya a kan jadawalin nan na ruwan sama wata-wata, don a nan ake ruɗewa.

Mu idan an ce ruwan shekara, damina muke nufi. Daga Yuni zuwa Satumba ruwa na sauka, gero na tsaye a gona yana sha, ba jira. Su kuwa babu watan da ba a ruwa, amma ku duba inda sandunan suka fi tsawo: Disamba zuwa Afrilu. Lokacin sanyi ke nan, gona ba komai sai kara. Ruwan ya kwanta a kan laka, ya cika magudanai, ya bi kogin Sunflower zuwa kogin Yazoo, daga nan kogin Misisipi, sai teku. Wani lokaci ma caɓi ne ke hana tarakta shiga gona a yi shuka. Babbar ambaliyar 1927 ma a watan Afrilu ta fasa shingen kogi kusa da Greenville, nan maƙwabtansu.

Yanzu ku matso Yuli da Agusta. Waken soya ya yi fure, yana ɗaura 'ya'ya, rana na dukansa. A irin wannan lokaci gona na iya rasa kimanin milimita 6 kowace rana, wanda shuka ta sha da wanda rana ta ƙone. Ku lissafa na wata guda: 180. Ruwan Agusta kuwa a matsakaici bai kai 100 ba. Kuma hadarin la'asar ne, mai son kai, ya jiƙa gonarka ya tsallake ta maƙwabcinka. Ga sakamakon nan a gabanku, ƙasa ta dare har yatsu na shiga.

Wannan doguwar leda da kuke gani kamar tiyo, ita ake shimfiɗawa a bakin gona, a huhhuda ta, ruwa ya bi kunya-kunya. Daga rijiyoyin burtsatse yake fitowa.

Ni abin da ke damuna ke nan. Shekara da shekaru ana zuƙar ruwan ƙarƙashin ƙasa fiye da yadda yake komawa, domin lakar nan ba ta barin ruwan sama ya nutse da sauƙi, kuma gundumar Sunflower tana cikin wuraren da ya fi ja da baya. Wallahi ruwan da ya isa yana wucewa ta gabansu duk hunturu.

Shi ya sa tafkin nan ya burge ni. Manomi ne ya haƙa shi a gefen gonarsa, yana tara ruwan hunturu. Wancan ramin na ƙasa kuma yana kama wanda ya zurare daga kunya, famfo ya mayar da shi tafki. Ku dubi yadda ya cika maƙil a watan Maris. Ga shi kuma a ƙarshen Agusta.