Kaboyin da ya koma zubin tagulla a Italiya, da batun inda kakin yake zuwa

To jama'a, akwai wani mutum-mutumin doki a titin Wilshire na Beverly Hills a Amurka, da jarumin fim John Wayne a kansa, tunda hotonsa ya fara yawo ake ta musu. Wasu sun ce da guduma da kurfi aka sassaƙa shi, wasu sun ce a'a kaki ne a ciki aka shafe shi da tagulla ta waje. Duka ba haka bane, amma bari mu fara da mai aikin a gurguje.

Sunansa Harry Jackson, an haife shi a Shikago a 1924. Yana ɗan shekara 14 ya gudu daga gida ya nufi jihar Wayomin, ya samu aiki a gandun kiwo na Pitchfork, sharar barga, ɗaura sirdi, kora shanu cikin sanyin da ke fasa leɓe. Daga nan sai aikin soja a yaƙin duniya na biyu, ya ji rauni a tsibirin Tarawa na tekun Pasifik a 1943, ya tafi New York yana zane har suka yi abota da shahararren mai zane Jackson Pollock. A 1954 ya tsallaka Turai, daga baya ya kafa wurin aikinsa a garin Camaiore na Italiya, kusa da Pietrasanta, garin da maƙeran tagulla suka yi kaka-gida.

Abin dariyar shine ba don mutum-mutumi ya fara taɓa yumɓu ba. Manyan zanuka aka ba shi kwangila, na kaboyi da shanu, sai ya riƙa gina ƙananan dawakai don ya ga yadda haske ke sauka a kansu kafin ya zana. Kayan gwajin nan su suka zo suka fi zanen suna.

Yanzu ku natsu, nan ne wajen da ake rikicewa.

Ga dokin yumɓu an gama shi. Ana lulluɓe shi da roba da filasta, idan ya bushe a buɗe, sai ka samu kwanso mai ɗauke da siffar dokin ta ciki har da jijiyoyin wuya. Sai a shafa narkakken kaki a cikin kwanson, siriri, kaurinsa bai kai yatsa ba. Kun ga an samu doki na biyu kenan, na kaki, kuma cikinsa fayau babu komai. A nan ne mai aikin ke zama ya gyara, kuma a ganina a nan ne zaman barga ya yi masa rana, don wanda ya shekara yana goge doki ya san inda tsoka ke tashi idan dabbar ta ja birki, ba sai ya duba littafi ba.

Sai a cika cikin da ƙasa mai jure wuta, a liƙa sandunan kaki a jiki, sune za su zama hanyoyin da ƙarfe zai bi iska kuma ta fita. A sake lulluɓe komai da ƙasa ta waje, a kai wuta. Me zai faru? Kakin ya narke ya tsiyaye tas, ko ɗigo baya saura. Abin da ya rage shine wani siririn fili tsakanin ƙasar ciki da ta waje, daidai kaurin kakin da ya tafi, kuma cikin wannan filin ake tuttula tagullar da ta narke, zafinta ya haura digiri 1,000 a ma'aunin Celsius. Wato tagullar gurbin kakin take cikewa, basu taɓa haɗuwa ba ma. Wanda ya taɓa tsayawa wajen masu zubin tukwanen dalma a kasuwa zai gane dabarar, sai dai su da yashi suke yi. Kuma kar wani ya ɗauka fasahar Turawa ce kawai, da kakin zuma maƙeran Ife da Benin suka yi nasu kawunan tagullar shekaru ɗaruruwa da suka wuce.

Idan ya huce sai guduma, a fasa ƙasar, a yanke sandunan, a bi da magagari. Babban aiki irin wannan gunduwa-gunduwa ake zuba shi sannan a haɗa da walda. Shi Jackson har fenti yake yi wa wasu tagullolinsa, ni dai na fi son su a yadda suke, amma kowa da idonsa.

An kafa wannan na John Wayne a 1984, tsayinsa wajen ƙafa 21, kuma da za ku ƙwanƙwasa cikin dokin za ku ji yana amsawa don rami ne. Jackson ya ci gaba da zirga-zirga tsakanin Italiya da Wayomin har ya rasu a 2011.