Sharhi: Ƙa'idojin ajin Bayoloji, da wanda suka hau kansa

Assalamu alaikum masu sauraro. Sharhinmu na yau a kan ajin Bayoloji ne a manyan makarantun sakandare, musamman ajin kimiyya, inda ake tara yaran da muke sa ran gobe su ne likitoci da ma'aikatan jinya da ungozoma da masu gwajin jini a asibitocinmu na jihar Gombe.

A makarantu da dama na Amurka akwai aji na musamman da ake ware wa ɗalibai masu ƙwazo. Bayolojin dai shi ne, amma ana zurfafawa, ana sauri, aikin gida da na ɗakin gwaje-gwaje sun fi yawa. Ranar farko malami kan raba takarda mai ɗauke da abin da za a koya, da yadda za a raba maki, da hukuncin makara da na kwafar aikin wani, da dokokin ɗakin gwaji. Ɗalibi ya sa hannu, uba ko uwa su sa hannu, a mayar wa malami. Wannan al'ada ba ta cin kuɗi, takarda ce falle ɗaya. Mu kuwa a yawancin makarantunmu yaro ba ya sanin doka sai ranar da ya karya ta, iyaye kuma ba sa sanin me ake bukata daga ɗansu sai sakamako ya fito. Ra'ayina shi ne kowane malamin Bayoloji a jihar nan ya rubuta tasa takardar, kuma ta hau kansa kamar yadda ta hau kan ɗalibi.

Yaron da ke son karatun likita, a jarabawar JAMB Turanci zai rubuta da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks. Ko Jami'ar Jihar Gombe yake nema, wadda aka kafa a 2004, ko wata jami'a a wajen jihar, sai ya zo da kiredit a Bayoloji. A jarabawar WAEC kuma darasin kashi uku ne: tambayoyin zaɓi guda 50, da rubutun bayani, sannan firatikal, wanda shi kaɗai ke ɗauke da maki 80 cikin 200. Wato yaron da ya haddace littafi tsaf amma bai taɓa riƙe fara a hannunsa ya ƙirga ƙafafunta ba, ya shiga ɗakin jarabawa da babban giɓi tun kafin a raba takarda.

Shi ya sa ƙa'idar zane ta cancanci wuri a saman takardar. Zanen Bayoloji da fensir mai tsini ake yin sa, ba da biro ba. Layi ɗaya ake ja, mai tsabta, ba a yi masa inuwa ko ado. Layukan da ke nuna sassa da rula ake jan su, kada su gitta juna, kuma kowane suna a rubuta shi daidai, harafi bayan harafi. Zane yana da take, yana kuma da lissafin girma: idan tsawon farar santimita 5 ne, zanen kuma ya kai santimita 10, sai a rubuta cewa an ninka ta sau 2. Shekara da shekaru rahotannin manyan masu duba jarabawar WAEC suna kuka da waɗannan abubuwa: zane marar kyau, sunaye da kuskuren rubutu, mantawa da lissafin girma. Ba a koyon wannan a mako biyun ƙarshe. Tun SS1 ake fara shi, a kuma tsaya a kai har hannu ya saba.

Amma akwai ƙa'idar da ta fi duk waɗannan nauyi a wurina, ita ce: abin da ka gani shi za ka rubuta. Idan ganyen da aka ba ka tsutsa ta ci gefensa, ka zana shi da cin tsutsar, kada ka kwafo na littafi. Idan ka ɗiga aidin, wato sinadarin gwada sitaci, a kan yankan rogo, littafi ya ce zai koma shuɗi mai duhu kusan baƙi saboda sitacin da ke ciki. To, idan naka bai canza ba fa? Ka rubuta cewa bai canza ba, sannan ka nemi dalili. Wataƙila aidin ɗin ya daɗe ya lalace, wataƙila an tsinka shi da yawa, wataƙila kwalbar da ka ɗauko ba ita ba ce. Malami nagari zai ba wannan yaro makinsa cikakke, ya kuma hana wanda ya rubuta amsar littafi alhali kowa ya ga bai taɓa kwalbar ba. Abin takaici, sau da yawa akasin haka ake yi. Mai gaskiya ya sha jan biro, mai kwafa ya sha yabo, daga nan duk ajin ya gane abin da ake so, kowa ya daina kallon abin da ke gabansa.

Jama'a, wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma ba sai mun je nesa neman misali ba. A Kaltungo akwai asibitin da ake kai waɗanda maciji ya sara, yawancinsu manoma da makiyaya. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da ake dogaro da su mai sauƙi ne ƙwarai: a ɗebi jinin majiyyaci kaɗan, a zuba a kwalbar gilashi mai tsabta, busasshiya, a ajiye minti 20 ba tare da an girgiza ba, sannan a karkata a duba. Idan jinin bai daskare ba, dafi yana aiki, ana bukatar allurar kashe dafi. Babu wata na'ura a nan. Haƙuri ne na minti 20, da ido, da faɗin abin da aka gani. Ma'aikacin da ya saba tun yana sakandare da rubuta sakamako kafin ya yi gwaji, ranar da layi ya yi tsawo kuma ya gaji, me zai hana shi maimaitawa?

Haka batun gwajin jini kafin aure. Ɗalibin SS3 yana koyon cewa idan miji AS ne matar ma AS ce, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato sikila. Kowane ciki, ba wai cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne kawai zai samu ba, kamar yadda mutane da yawa ke ɗauka. Wannan lissafi ya samo asali ne daga aikin Gregor Mendel, wanda ya shafe shekaru yana shuka wani nau'in wake yana ƙirga abin da ya fito, ya wallafa sakamakonsa a 1866. Iyali guda za su gina aure a kan haruffa biyu da wani ya rubuta a takarda. Wanda zai rubuta su yana zaune yau a ajin kimiyya a Kumo ko Bajoga ko Billiri, kuma a can ake koya masa ko dai gaskiya ko akasinta.

Don haka hukuncin kwafa ya fito fili a takardar. Dokar ƙasa ta 1999 ta haramta satar jarabawa, amma tun daga aikin gida abin ke farawa. A ganina wanda ya kwafa da wanda ya bayar aka kwafa duk su rasa makin wannan aiki, a sanar da iyayensu, sannan a ba su damar sake yi da hannunsu. Ba korar yaro ake nema ba, so ake ya daina.

Dokokin kare lafiya ba sa bukatar dogon bayani, amma a rubuta su, a kuma manna a bango. Ba ci ba sha a ɗakin gwaji, ba a ɗanɗana komai, ba a zuƙo sinadari da baki. Ɗaliba ta soke hijabinta cikin farar riga kafin ta matso kusa da wuta. Kowa da rezarsa, domin ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini. A wanke hannu da sabulu bayan taɓa kwaɗo ko kifi. Dabbar da aka kawo domin karatu kuma ba abin wasa ba ce, kada a bari yara su azabtar da ita. Waya kuwa ta zauna a jaka, sai in malami ne ya ce a fito da ita a ɗauki hoton wani abu.

Inda nake so a yi taka-tsantsan shi ne makara da fashi. Dole a zo a kan lokaci, wannan ba gardama, domin wanda ya rasa minti goman farko na firatikal ya rasa bayanin da zai kare shi daga rauni. Amma mun san garinmu. Da damina zazzaɓin cizon sauro yana kwantar da yara. Mai sikila yakan yi kwanaki a gado. Lokacin girbi akwai wanda gona ke riƙewa, akwai yarinyar da ba ta fita sai ta gama aikin gida. Takardar ta faɗi kwana nawa wanda ya yi rashin lafiya yake da su don ya biya aikin da ya wuce shi, ta kuma bambanta shi da mai fashi da gangan. Sannan a daina tura mai makara yankan ciyawa alhali ana darasi. Yaron da ya rasa minti goma, an sa ya rasa darasin gaba ɗaya, wa aka hukunta? In za a yi horo, a yi shi bayan an tashi. Maki ma ba sandan horo ba ne. Makin gwajin zango, ko 30 ne ko 40 a makarantar, na aikin da yaro ya yi ne. Ba a rage shi don an ji haushinsa, ba a ƙara shi don ya sayi takardun malam.

Akwai kuma darasin haihuwa da sassan jikin ɗan Adam, wanda wasu malamai kan tsallake saboda kunya, su ce yara su karanta a gida. Yana cikin manhaja, yana fitowa a jarabawa, kuma wadda za ta zama ungozoma ba za ta guje masa ba. A koyar da shi cikin mutunci, da sunayen kimiyya, a kafa doka tun farko cewa ba dariya ba shaƙiyanci. Idan iyaye sun ga haka a rubuce tun farkon shekara, zargi ba zai taso daga baya ba.

Shi ma malam akwai nasa layukan. Ya shiga aji a kan lokaci. Ya duba aiki ya mayar cikin mako guda, da gyara a rubuce, ba sa hannu kawai ba. Ya yi bayani da Hausa ko wani harshen da yara ke ji idan abu ya cije, amma ya tabbatar sun iya rubuta shi da Turanci, tunda da shi za a tambaye su. Ya kuma fara firatikal ko da makarantar ba ta da kaya. Albasa da wake da masara da fara suna ko'ina. Mahauta za su ba da ƙashi da huhu da zuciya, masunta a Dadin Kowa suna da ƙarfasa da tarwaɗa. Yankan dankali biyu, ɗaya a ruwan gishiri ɗaya a ruwan zalla, sun isa su nuna wa yaro yadda ruwa ke shiga da fita daga ƙwayoyin halitta, gani kuwa ya kori ji. Wannan ba ya sauke wa gwamnati da masu makarantu masu zaman kansu nauyinsu. Ba albasar da za ta maye gurbin madubin ganin ƙananan halittu. Makarantar da ta kira ajinta na kimiyya dole ta samar da shi, da aidin da sauran sinadaran gwajin abinci, ta kuma buɗe ɗakin gwajin duk mako, maimakon a kulle shi sai WAEC ta ƙarato.

Ku kuma iyaye, Alhaji da Hajiya, sa hannunku ba na cika ƙa'ida ba ne. Shugabannin makarantu su sa a fassara takardar zuwa Hausa, a karanta ta a taron iyaye da malamai saboda waɗanda ba su yi boko ba. Fensir da rula da littafin zane ba su da tsada, a saya wa yaro nasa. A rage wa 'yan mata aikin safe ranar da suke da firatikal. Kuma ko ba ka jin Turanci, kana iya cewa ɗanka ya kawo maka littafin firatikal ɗinsa a ƙarshen wata. Ka duba ko akwai zane a ciki, ko akwai kwanan wata, ko akwai jan biron malam. Idan zango ya raba tsakiya littafin yana nan fari fat, ka je makarantar ka tambayi shugabanta dalili.