Tukunyar Ɗalibi da Kuɗin Wata

(Lacca ce da aka yi wa sababbin ɗaliban jami'a. An rubuto ta daga naɗin murya, an rage maimaici.)

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To, madalla.

Kafin in fara, wa ya karya kumallo yau? A ɗaga hannu. To, ba ku kai rabi ba. Ku sauke. Waɗanda ba su ɗaga ba, ba zan tambaye ku dalili ba, don wata ya yi nisa, kuma ni ma na taɓa zama a irin kujerar da kuke kai. (dariya)

Da labarin wani jirgin ruwa zan fara. A 1883 wani jirgin horar da sojojin ruwan Japan ya dawo gida bayan tafiyar wajen wata tara. Mutum 376 ne a cikinsa. Mutum 169 suka kamu da cutar da ake kira beriberi, 25 suka mutu. Cutar tana kashe ƙafafu, ta kumbura jiki, ta raunana zuciya. Abin mamaki, ba yunwa suke ji ba, kullum a ƙoshe suke kwana. Wani likitan rundunar mai suna Takaki Kanehiro ya lura cewa ƙananan sojoji ne ke faɗuwa, manyan hafsoshi kuwa garau. Da ya bincika sai ya ga ƙananan nan farar shinkafa suka dogara da ita, safe da rana da dare, saboda ita ake ba su kyauta, sauran abinci sai mutum ya taɓa aljihunsa. Samari ne 'yan talakawa, suna tsimin kuɗinsu. A 1884 aka tura wani jirgin ya bi hanya ɗaya, amma aka haɗa wa mutanensa da sha'ir da wake da kifi da nama. Mutum 14 kawai suka kamu, babu wanda ya mutu. Daga baya aka gano cewa rashin bitamin B1 ne ke kawo cutar, shi kuwa yana cikin dusar shinkafa, kuma inji yana goge shi idan ya casa ta ta yi fari. Shi Takaki ma bai san wannan ba, ya ɗauka ƙarancin furotin ne, wato sinadarin gina jiki. Dalilinsa ya kauce, maganinsa ya dace.

Ƙannena, duk lokacin da na tuna samarin jirgin nan, ɗakin kwanan ɗalibai nake gani. Saurayi ko budurwa mai ƙaramin kuɗi, ya sami abu ɗaya mai araha mai cika ciki, ya liƙe masa har zangon karatu ya ƙare. Ba na ce za ku kamu da beriberi ba, Allah ya kiyaye. Amma gajiyar da ba ta da dalili, da gyangyaɗi a lacca ta biyu, da karanta shafi ɗaya sau uku ba tare da komai ya zauna ba, sau da yawa daga tukunya suke fitowa. Ƙwaƙwalwa wajen kashi 2 cikin 100 ce ta nauyin jiki, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa yana hutawa. Ita ce kayan aikin da kuka zo da shi nan, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Yanzu maganar kuɗi. Wani masanin ƙididdiga Bajamushe, Ernst Engel, ya nuna tun 1857 cewa gwargwadon ƙarancin kuɗin gida, gwargwadon girman kason da abinci ke ci a cikinsa. Ɗalibi yana can ƙasan wannan tsani. Idan mai albashi ya yi kuskure a cefane, nishaɗinsa zai rage. Idan ɗalibi ya yi, cikinsa zai rage. Ni a shekarata ta farko, ranar da kuɗi suka shigo sarki nake. Kwana goma ina sayen dafaffe, ina yi wa abokai alheri, ana kirana da sunaye masu daɗi. Sauran kwana ashirin kuwa ba mai kirana da komai. (dariya) Wata rana ina tsakiyar jarrabawa na ga layukan takarda suna rawa, sai da na kifa kaina a kan tebur na kusan minti goma. Na san amsar, jikin ne ya ƙi.

Abin da na koya daga ranar shi ne ranar shigowar kuɗi ita ce ke yanke hukuncin watan. A ranar, kafin kati, kafin komai, ka je ka sayi abubuwan da ba sa lalacewa: hatsi ko shinkafa ko taliya, da wake, da gyaɗa, da mai, da gishiri, da albasa. Ka saye su da yawa, don ƙulli-ƙullin da ake saye kullum shi ya fi tsada idan ka lissafa a kan kilo. Abin da ya rage ka raba shi gida huɗu, kowane mako da nasa, na ƙwai da ganye da 'ya'yan itace. Wanda ya yi haka, ko aljihunsa ya bushe ranar ashirin ga wata, akwai abin ɗorawa a wuta. Kuma don Allah kada ku je cefane da yunwa. Mai jin yunwa da idonsa yake sayayya, duk abin da ya yi ƙamshi nasa ne.

Bari mu ɗan yi lissafi, ba mai wuya ba. Baligi yana buƙatar kusan giram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 60 ke nan yana neman wajen giram 48. Ƙwai ɗaya yana ba da wajen giram 6. Busasshen wake giram 100 yana ba da sama da giram 20. Gyaɗa giram 100 tana ba da wajen 25, ga kuma mai a cikinta, shi mai kuwa kowane giram kalori 9 ne, alhali sitaci da furotin 4 suke bayarwa. To ku haɗa: wake cikin kofi, ƙwai biyu, gyaɗa cikin tafin hannu, da ɗan abin da ke cikin hatsin kansa, kun kai ba tare da kun ga nama ba. Ba na hana ku nama, idan ya samu a ci. Amma ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma a nan karin maganar ba ta buƙatar fassara.

Akwai wata hikima game da wake da hatsi da nake so ku riƙe. Furotin ɗin hatsi yana da ƙarancin wani sinadari da ake kira laisin, wake kuwa yana da shi da yawa. Shi kuma wake yana da ƙarancin wani, metiyonin, wanda hatsi ke da shi. Kowane yana toshe ɓarakar ɗan'uwansa. Shi ya sa kusan duk inda ka je a duniya za ka tarar talakawa sun haɗa su a kwano ɗaya, tun kafin a san sunayen sinadaran. Ba lallai a ci su a zama ɗaya ba, cikin yini ɗaya ya wadatar. Masu cewa wake yana cin wuta, ku jiƙa shi da dare, ku zubar da ruwan da safe. Zai dahu da wuri, iskar gas ko kalanzir ɗinku ya yi auki, cikinku ma ya fi samun lafiya da shi.

Ganye da 'ya'yan itace, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla giram 400 a rana. Na san wani yana cewa a ransa, malam bai san halin da ake ciki ba. Na sani. Ka yi rabin haka ma ka fi jiya. Ka sayi abin da ke kakarsa, shi ne mai araha, ka kuma zaɓi masu jure zama ba firji, irin su kabeji da karas da albasa da lemo.

'Yan'uwana mata, wannan taku ce musamman. Saboda jinin al'ada, mace tana buƙatar sinadarin ƙarfe wajen miligiram 18 a rana, namiji 8. Ƙarfen da ke cikin wake da ganye jiki ba ya zuƙarsa da sauƙi kamar na nama. Bitamin C yana taimaka masa, shayi kuwa yana hana shi. Don haka ki matsa lemon tsami ko ki yanka ɗanyen tumatir a kan abincin, shayin kuma ki jinkirta shi kamar awa ɗaya. Wannan ba ya cin ko kwabo.

Sai uwar ɗakinku, taliyar leda mai dahuwa cikin minti uku. (dariya) Wani mutum a Japan, Momofuku Ando, shi ya fito da ita a 1958, kuma ba zan zage shi ba, ya ceci mutane da yawa a daren jarrabawa. Sai dai gari ce da mai da gishiri. An ce kada gishirin baligi ya kai giram 5 a rana, leda ɗaya kuwa da ƙullin ɗanɗanonta tana iya cinye rabin wannan ko fiye. Idan za ka ci, zuba rabin ƙullin, fasa ƙwai, yanka kabeji. Lemon kwalba kuwa ban ga uzurinsa ba. Gwangwani ɗaya yana ɗauke da sukari wajen giram 35, alhali iyakar da aka ba mu a yini ba ta wuce wajen 50 ba. Kuɗinsa ƙwai ne ka sha a ruwa, bayan awa ɗaya yunwa ta dawo da ƙawayenta.

In kuna da abokan ɗaki masu amana, ku haɗa tukunya. Wuta ɗaya, sayen sari, kowa da ranar girkinsa. Amma ku rubuta abin da kowa ya kawo a takarda tun ranar farko. Na ga abota ta shekara uku ta mutu a kan kwalbar mai.

Na ga hannu can. Bismillah, ƙanwata.

(Wata ɗaliba ta tambaya ko za a iya dafa abincin kwana biyu a ajiye, alhali babu firji.)

Tambaya mai kyau, kuma amsar ba za ta yi miki daɗi ba. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa da sauri tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, zafin ɗaki kuwa yana tsakiyar nan. Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a ajiye haka ba. Shinkafa ta fi yaudara. Akwai wata ƙwayar cuta a cikinta da ke tsallake dahuwa, idan shinkafar ta daɗe a ɗaki sai ta saki guba, gubar kuma ɗumame ba ya kashe ta. Kin yi tsimin kuɗin wuta, kin kai shi kantin magani, kin kuma rasa lacca biyu. Idan babu firji, ki dafa daidai cinki. Abin da za ki tanada shi ne wahalar: ki jiƙa wake tun dare, ki soya gyaɗa ta mako, ki dafa ƙwai da safe ki tafi da shi aji.

Na ƙarshe, sai mu tashi. Kai, mai farar riga.

(Wani ɗalibi ya ce wani lokaci ba tsari ne ya gaza ba, kuɗin ne babu sam.)

Na gode da ka faɗa a gaban mutane, don akwai da yawa a ɗakin nan da suke so su faɗa suka kasa. Gaskiya ne, lissafina duk bai yi wa aljihun da ba komai amfani ba. Abin da zan ce maka, kada ka ɓoye. Ɗalibi yakan kwana biyu da ruwa da kofi yana murmushi, har na kusa da gadonsa bai sani ba, kofin ma ya hana shi barci ya ƙara masa wahala. Jami'o'i da yawa suna da ofishin kula da walwalar ɗalibai ko asusun tallafi, ƙungiyoyin ɗalibai ma sukan taimaka, kuma sau da yawa rashin tambaya ke sa ba a samu ba. Ka je ka tambaya gobe da safe. Idan ba ka san ƙofar ba, ka tsaya bayan an tashi in raka ka.

An ɗaga mini agogo sau biyu. Wassalamu alaikum.